Hoton TikTok da Ƙwayar Sha-ka-fashe

'Yar'uwa, a ɗakin ba da magani inda nake aiki a nan Mai'adua, akwai buƙatar da take tayar mini da hankali. Budurwa lafiyayya za ta miƙo waya, ta nuna wata mai cikar jiki a TikTok, ta ce maganin ƙiba take so.

Abin da ake kira sha-ka-fashe galibi dexamethasone ne, wani lokaci a haɗa shi da cyproheptadine mai buɗe ciki. Ruwa yake tara wa jiki, fuska ta kumbura, ƙashi ya yi rauni, ciwon sukari da hawan jini su biyo baya. In kin daɗe kina sha, kada ki yanke shi rana ɗaya, domin hakan ma haɗari ne. Likita ne zai rage miki sannu a hankali.

Sai kuma hoton jikinki da kika tura wa mai tallar don ta ga ci gaba. Da shi za ta yi tallar gobe, ba tare da izininki ba. Garin nan kuwa kowa ya san kowa. Kafin kasuwar Lahadi ta watse, hoton ya isa wayar dangin mai neman aurenki.