Tauraron da ban cire wa takarda ba

Telan da ke ɗinka mana kayan Salla a kasuwar Dole ya daɗe da daina tambayata abin da nake yi da tsummokaransa. Da ya hango ni sai ya sa ƙafa ya turo ledar daga ƙarƙashin keke, ya ce, "Malama, ga shararki." In miƙa masa dala ashirin, wata rana ya karɓa, wata rana ya ce in bar shi. A cikin ledar akwai guntayen atamfa, da bakin shadda, da ragowar kayan bikin mutanen da ban sani ba. Da su nake ɗinka taurari bayan isha'i, in na gama gyaran kaye, yau kusan shekara ashirin ke nan.

A 2005 na koya, a wani ƙauye na yankin Matamaye inda aka fara tura ni bayan na fito daga makarantar horar da malamai. Akwai wata Ba'amurkiya a garin, ƴar Peace Corps, ƙungiyar masu aikin sa-kai da ta zauna a Nijar daga 1962 har farkon 2011. Ni baƙuwa, ita baƙuwa, sai muka riƙa yin hira da dare a gaban fitilar ƙwai. Tana da wani gwangwanin biskit cike da ƴan takardu da aka yanka siffar lozanj, wato murabba'in nan da aka matse har ya yi tsini biyu. Na zaci kayan koyarwa ne. Ta yi dariya ta ce na kakarta ne.

Ga yadda aikin yake, ga wadda take son gwadawa. Ki yanka takarda mai ɗan kauri daidai siffar da kike so, ba ƙari ba ragi. Ki ɗora ta a bayan ƙyalle, ki yanka ƙyallen ya fi ta da kamar milimita 6 ta kowane gefe. Sai ki naɗe bakin ƙyallen a kan takardar, ki kama shi da dogon ɗinki na wucin gadi. In kin samu guda biyu, ki haɗa su fuska da fuska, ki bi bakinsu da ƙananan ɗinki, allura tana ɗaukar zare biyu ko uku na ƙyallen ba tare da ta huda takardar ba. Biyu-biyu su zama huɗu-huɗu, sannan ki haɗa rabi da rabi da ɗinki ɗaya miƙaƙƙe, tauraro mai tsini takwas ya fito. Kada ki yanke ƴan wutsiyoyin da ke leƙowa a tsini; a baya suke kwanciya, suna zagaya tsakiya. Murabba'i huɗu a kusurwoyi da alwatika huɗu a gefuna su ne ke cike gurbin, ya zama fale ɗaya mai kusurwa huɗu. Sai an kewaye gunduwa ta kowane gefe ake warware ɗinkin riƙon a zare takardar.

Amfanin takardar shi ne ƙyallen da aka yanka a karkace yana miƙewa, kowane tela ya san wannan. Takarda ba ta miƙewa, ita ke riƙe shi a kan ma'auni.

Daga Ingila wannan hanyar ta yaɗu. A birnin York akwai ƙungiyar masu irin wannan ɗinki da ke ajiye da wani mayafin gado na siliki, an ɗinka shekarar 1718 a jikinsa, kuma takardun da aka naɗe ƙyallen a kai suna nan ciki har yau. Takarda tana da tsada a wancan zamani, don haka mata kan yanka tsofaffin wasiƙu da jaridu da littattafan rubutun yara, shi ya sa masu bincike kan leƙa bayan tsohon bargo su karanta abin da ya rage don su gane shekarunsa. Akwai wata hanyar da ta fi karɓuwa a Amurka yanzu, inda ake buga zanen a takarda da lambobi, a bi layin da keke, ɗinki ƙanana ƙwarai don takardar ta yage cikin sauƙi daga baya. Na gwada sau ɗaya. Mai injin buga takardu ya rage zanen don ya shiga A4, ɗan murabba'in gwaji da ya kamata ya zama santimita 2.54 ya dawo ƙasa da haka, ban lura ba sai da na ɓata rabin yadi. Na koma ga allurata. Abin da ake kira bargon kuwa hawa uku ne, fuska da ciko da baya, a bi su da ɗinki a haɗe, kuma duk wanda ya taɓa ganin dokin lifidi a hawan Salla ya san wannan ba baƙon aiki ba ne a ƙasarmu.

Da abokiyar tawa ta koma gida, takardunta suka ƙare, na zauna na zana nawa. Lissafin ba shi da wuya: zagayen ɗigo digiri 360 ne, a raba takwas, kowane tsini ya samu 45. Na auna da ma'aunin kusurwa na roba, fensir mai kaurin baki, na yanka. Da na haɗa rabi biyun, tsakiyar tauraron ta tashi kamar malfa. Na sa dutsen guga, ta kwanta, ta sake tashi. Na tura shi ƙarƙashin katifa kwana biyu, a banza. Da na sake aunawa sai na ga 43 na yanka. Digiri 2 kawai, amma sau takwas ya zama 16. Ni da ke tsayawa gaban allo ina sa yara su maimaita ma'anar kusurwa da Faransanci har muryata ta dushe, ranar ce na fara taɓa digiri da hannuna.

Duk da haka na yi shekaru ban kai abin aji ba. Nawa ne, na dare, lokacin da ba mai kiran "Madam" ko "Mama". Abin da ya tilasta mini shi ne wata shekara da na riƙe CM1 mai yara 74, masu ma'aunin kusurwa a cikinsu 9. Ƴan uwana malamai sun san yadda darasin yake kasancewa: tara suna aunawa, sauran suna kallon bango. Sai na tuna muna da lokacin APP, ayyukan hannu, wanda yawancinmu muke cinyewa da sharar fili ko ƙarasa darasin da ya makara. Na buɗe kabad na kwaso tsofaffin kayen bara da aka bari, na raba bangayensu da shafukansu, na kawo ledar tela.

Ba a bukatar ma'auni don a samu 45. Kusurwar takarda 90 ce. A ninka ta biyu, gefe ya hau kan gefe, an samu. A yanka doguwar tsiri mai faɗi ɗaya, a ninka bakinta haka, a ɗauki tsawon layin da ya karkace da tsinken tsintsiya, a aza shi a gefen tsirin, a yi alama sama da ƙasa, a yanka. Lozanj ke nan, gefensa huɗu tsawo ɗaya. Yara sun kama wannan cikin rabin awa, har da waɗanda ba su taɓa ɗaga hannu ba.

Akwai wata yarinya a bencin baya, ba zan faɗi sunanta ba. Shekararta 13, ta maimaita aji, kullum a makare take zuwa don sai ta gama tallan ƙosai. Ban taɓa jin ta yi jimla ɗaya da Faransanci da ƙarfi ba. A mako na biyu, tauraron wani rukuni ya yi irin malfar da nawa ya yi, suka kawo mini. Na ɗaga shi na tambayi aji me ya faru. Wani ya ce zaren ne ya yi tauri, wata ta ce ƙyallen ne. Can sai na ga yarinyar nan ta sauka ƙasa ta jera takardun rukunin da ba a naɗe ba tukuna, tsini ga tsini, su takwas. Tsakanin na farko da na ƙarshe sai ga ɗan fili. Ta ce da Hausa, murya ƙasa-ƙasa, "Madam, ai giɓi ne ya rage. In aka ja aka rufe shi da ƙarfi, dole tsakiya ta tashi." Na ce to in sun yi faɗi da yawa fa? Ta ɗan yi shiru, ta ce, "Sai baki ya yi ta lanƙwasa, kamar bakin zane." Haka ne kuwa. Ni sai da na yi kwana biyu da katifa kafin in kai nan.

Bayan kwana kaɗan mahaifinta ya zo lakkol. Darakta ya turo shi wurina, muka tsaya a inuwar bedi. Dattijo ne mai ɗinkin hula da hannu, idonsa ɗaya ya fara yin fari. Bayan gaisuwa ya ce, "Malama, an ce ɗinki kike koya musu."

Na ce, "Lissafi ne, Baba, da ɗinkin muke shiga."

Ya ce, "Ni na san allura. Shekara talatin ina riƙe da ita, ita ta cinye mini ido. Na kawo ɗiyata nan don ta riƙe alƙalami. In allura ce, akwai ta a gida, ba sai na sayi kaye ba."

Ban da amsa a shirye, kuma har yau ina ganin yana da gaskiyarsa. Iyaye da yawa sun ga yadda ake cewa "aikin hannu" a ɗora wa ɗan talaka, ɗan mai hali kuwa a ba shi littafi. Malamin da zai kai irin wannan abu aji ya kamata ya iya nuna shafin darasin da yake cikawa, in ba haka ba wasa ne yake da lokacin ƴaƴan mutane. Na shiga na ɗauko kayen lissafinta da tauraron da ta ɗinka. Kayen bai duba ba, don ba ya karanta boko. Tauraron ya karɓa, ya juya bayansa kamar yadda masu sana'a ke yi, ya kai shi kusa da idonsa mai kyau, ya bi ɗinkin da farce. Ya shimfiɗa shi a tafin hannu, ya kwanta lumui. Ya ce, "Wa ya auna mata?" Na ce ita ta auna, da tsinke. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce ɗinkin gefe ɗaya ya yi nisa da juna, a gaya mata ta matse. Ya miƙo mini, ya yi sallama.

Ba zan ce abin ya canza komai da komai ba. Makinta na lissafi ya hau, ta fara ɗaga hannu a darasin siffofi, amma shiftarta ta Faransanci tana nan inda take. Ta samu wucewa CM2 da ƙyar. Na taɓa karanta cewa ƴan ƙabilar Lakota na Amurka suna ɗinka bargo mai babban tauraro ɗaya mai tsini takwas, su yafa wa mutum don girmamawa, har da yaron da ya gama makaranta. Sai na ƙudura zan ajiye taurarin ajin nan, in miƙa wa kowa nasa ranar da ya gama firamare. Da aka koma a watan Oktoba ba ta zo ba. Aka ce an kai ta wurin gwaggonta a ƙauye. Kafin damina ta zagayo na ji an ɗaura mata aure.

Sauran na ba su nasu. Waɗanda ba su damu da karɓa ba, na zare takardunsu na haɗa da nawa, na sa tsohon zane a tsakiya, ya zama bargon da autana ke rufa da shi da hunturu. Da na zo kan nata, na juya don in warware ɗinkin riƙo, sai na ga rubutun da ke jikin takardun. Ashe da na raba tsofaffin kaye, nata na bara ta nema ta ɗauka, na shekarar farko da ta yi a ajina. Shifta ce, rubutunta ƙanana masu karkata. A kan gunduwa biyu da ke maƙwabtaka akwai jan biro, hannuna ne, kalmar Faransanci mai nufin malalaciya, almakashi ya raba ta biyu. Ban tuna ranar da na rubuta ba. Na dai san lokacin ban san da tallan ƙosai ba, kuma ban tambaya ba.

Bargon da za a wanke dole a cire masa takarda, in ba haka ba ta jiƙe ta dunƙule a ciki. Nata yana cikin gwangwani da takardunsa takwas. Ƙanwarta tana CE2 bana, ajin da ke jikin nawa, ita ma a makare take zuwa. Sau biyu ina sa tauraron a jaka da niyyar in ba ta ta kai wa yayarta, sau biyu ina dawowa da shi gida, don ban yanke ba ko in zare takardun kafin in aika ko in bar su.