Ba girman kai ba ne, kunnena ne 🧵

1/ Shekara da shekaru ana ce min mai girman kai. A gaishe ni a wajen biki in yi shiru, a kira ni a bakin ɗakin lacca in wuce. Gaskiyar magana ban ji ba ne. Yau wata takwas ke nan da na fara sa na'urar ji. Zaren da ɗan tsawo, ku yi haƙuri.

2/ Abin da ya ruɗa kowa, har da ni: in muna ɗaki ni da Umma mu biyu, ina jin ta tsaf. Amma da an ta da janareta ko mun shiga kasuwa, sai magana ta dagule min. Shi ya sa Gwaggo ta ce, "Ai abin da take so shi take ji." Wallahi maganar nan ta daɗe tana cin raina.

3/ Abin da ya kai ni asibiti kuwa, Malam ne ya canja ranar gwaji a ƙarshen lacca. Fanka na juyi, ana jan kujeru, kowa na surutu. Na ga bakinsa na motsi, na gyaɗa kai kamar kowa. Na zo ranar Alhamis da shirina, ashe tun Talata an yi. A nan na zauna na yi kuka.

4/ A asibiti aka sa ni a wani ɗan ɗaki da ba ya shigar da ƙara, aka sa min abin kunne, in na ji sauti in danna. Sakamako ya nuna sauti mai kauri ina jin sa, mai siriri ne ya tafi. Likita ta ce mai yiwuwa sanƙarau ɗin da na yi ina yarinya ne ya taɓa ƙwayoyin jin da ke can cikin kunne, kuma ba sa sake tsirowa.

5/ To ga inda gizo ke saƙar. Wasula irin a, i, u su ne masu ƙarfi. Amma s, sh, f, ts sirara ne, kuma su ke raba kalmomi. Saya da tsaya. Kifi da kishi. Fata da sata. A shiru ƙwaƙwalwata tana cike gurbin da hasashe. A hayaniya kuwa, ƙara ta binne su gaba ɗaya. Shi ya sa ko an ɗaga min murya, ƙara kawai nake ji.

6/ Mai lafiyar kunne yana tsamo murya ɗaya daga cikin goma ba tare da ya san ya yi aiki ba. Wani masani ɗan Ingila, Colin Cherry, ya yi rubutu a kan wannan tun 1953, ana kiran ta matsalar wajen liyafa. Wannan tsamowar ita na rasa, ita kuma na'urar ke ƙoƙarin taya ni.

7/ Dabarar farko: kowace na'ura tana da makirufo biyu, ɗaya gaba ɗaya baya. Muryar wanda ke gabana takan riga isa na gaban da ɗan ƙanƙanin lokaci. Da wannan bambancin take gane inda sauti ya fito, sai ta rage na baya. Wato duk wanda na fuskanta, shi nake zaɓa.

8/ Ta biyu: tana raba sauti kashi-kashi. Ƙarar fanka ko janareta ba ta canjawa, magana kuwa hawa da sauka take yi. Inda ta ga ƙara a tsaye sai ta rage, ta ɗaga min sirarran sautukan da na rasa. Wannan ya fi rage gajiya. Da kafin la'asar kaina ke ciwo saboda ƙoƙarin saurare, yanzu da sauƙi.

9/ Kar in yaudare ku, ba sabon kunne ba ce. In hayaniyar ita ma maganar mutane ce, kamar wajen biki, na'urar ba ta san wa nake son ji ba. Nisa ma matsala ne: a fili, duk sanda tazara ta ninka biyu, ƙarfin sauti na raguwa da kusan desibel 6.

10/ Saboda haka a lacca akwai wani ɗan makirufo da nake ba malami ya maƙala a riga, muryarsa ta zo kunnena kai tsaye ba waya. Ranar farko sai da na yi kusan minti goma a ƙofar ofis kafin in iya roƙa. Ya karɓa ya ce, "Me ya hana ki faɗa tun farko?" Kunya ce, Malam.

11/ Ƙananan wahalhalu: hijabi in ya gogi makirufo sai in ji kamar ana murza leda a kaina, sai da na koma mai laushi. Ƙurar hunturu na toshe ta, gumi na cutar da ita, kullum da dare sai na goge. Ga batir. Kuɗinta kuwa, Yaya da Kawu ne suka haɗa. Allah Ya saka musu.

12/ Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum miliyan 430 ne ke buƙatar taimako saboda raunin ji. Ina yawan tunanin nawa ne a cikinsu ake wa kallon masu raini ko daƙiƙan aji, alhali gwajin kunne kawai suke buƙata.

13/ Roƙona: in za ku yi magana da irina, ku fara kiran suna ko ku ɗan taɓa mu, ku fuskance mu, ku bari mu ga bakinku. Ba sai kun yi ihu ba. In ba mu gane ba, ku canja kalmar. Don Allah ku daina cewa "bar shi kawai", ta fi komai zafi.

14/ Satin da ya wuce a wajen suna, gida cike da mata, Gwaggo ta matso gabana ta ce a hankali, "Ya karatu?" Na ce, "Alhamdulillah, Gwaggo." Ta tsaya tana kallona, sai ta ɗaga gefen hijabina ta leƙa bayan kunnena. Ta ce, "Ki yafe min, 'yar nan."

Wannan ma na ji shi tsaf.