AMANAR ABIN DA KA KULLE

Godiya ta tabbata ga Allah, Mahaliccin giwa da ƙuma, tsira da aminci su tabbata ga Annabin rahama (SAW).

Bayan haka, 'yan uwana matasa, akwai wata amana da ba kasafai ake jin ta a bakin masu wa'azi ba, wato amanar dabbar da mutum ya kulle da hannunsa. A nan Rigasa da wuya ka bi layi biyu ba ka ga ɗakin tantabara a bayan gida ba, kuma mafi yawan masu kiwon nan matasa ne, har da ɗalibaina na Islamiyya.

Cikinsu ne wani ya nuna mini a wayarsa yadda a Amurka da Turai ake kiwon wani ƙaton gizo-gizo mai gashi, mai suna tarantula, a cikin akwatin gilashi. Ya tambaye ni hukuncinsa, na ce masa malamai da dama ba su halatta cinikin ƙwarin da ba su da amfani ba, don haka ba na kwaɗaita wa kowa. Amma da na bibiyi al'amarin, sai na tsinci darasi a wurin masu wannan kiwo.

Abin da ya fi tayar musu da hankali shi ne wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwari, dangin kaska, da ke yaɗuwa a cikin akwatin idan danshi ya yi yawa aka kuma bar ragowar abinci. Yawancinsu ba jinin gizo-gizon suke sha ba, ƙazanta ce ta kira su, sai dai idan sun yi yawa sukan taru a bakinsa su takura masa. To a nan gizo ke saƙar: mai kiwon ba shi da damar fesa guba, domin ƙwarin da gizo-gizon dangi ɗaya ne, duk masu ƙafa 8 ne, abin da zai kashe wannan zai kashe wancan. Dole ya koma ga haƙuri. Ya kwashe ragowar abinci, ya sauya ƙasar akwatin, ya rage danshi, ya buɗe wa iska hanya, ya kuma riƙa dubawa kullum. Macen wasu nau'o'in takan haura shekara 20, kuma haka zai yi ta yi tsawon rayuwarta.

Sai na tambayi kaina: idan wani zai yi wannan ɗawainiya saboda halittar da ba ta ba shi ƙwai ko nama, yaya mu da tantabarunmu?

Domin kuwa ɗan uwan waɗancan ƙwari yana nan a ɗakunan tantabarunmu da akurkin kajinmu, shi ne muke haɗawa da sauran mu kira ƙuma ko ƙwarƙwatar kaji. Shi kam jini yake sha. Da rana yakan ɓuya a tsagar katako da ƙasan sheƙa, da dare ya fito ya hau tsuntsu, ya ƙoshi ya yi ja, ya koma maɓoyarsa kafin gari ya waye. Daga ƙwai zuwa girma mako 1 ya ishe shi idan ya sami ɗumi, kuma yana iya yin watanni bai ci komai ba yana nan da rai. Shi ya sa sai ka ga uwa ta tashi daga kwanci kafin kwana 18 na ƙyanƙyasa su cika, ko 'yan shila su yi ta ramewa su mutu, mai su yana zargin kambun baka, alhali da zai haska tocila da dare da ya ga ɓarawonsa.

Shari'a ba ta hana mu tsare tsuntsu ba. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Anas (RA) labarin ƙanensa Abu Umair da ɗan tsuntsunsa, wanda Annabi (SAW) ya tambaye shi labarinsa cikin raha, kuma Ibn Hajar ya kawo a Fathul Bari cewa malamai sun ciro halaccin ajiye tsuntsu a keji daga wannan hadisi. Amma su Buhari da Muslim ɗin ne suka ruwaito labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abincinta ba. A fahimtata, illar ba ta tsaya ga yunwa kaɗai ba. Tsuntsun daji idan sheƙarsa ta cika da ƙwari yakan bar ta ya sake wata. Wanda ka kulle kuwa ka raba shi da wannan mafita, nauyin ya dawo wuyanka.

Kada kuma wani ya raina cutarwar ƙaramin ƙwaro. A Hudaibiyya, shekara ta 6 bayan Hijira, ƙwarƙwata ce ta sa aka yi wa Ka'abu bin Ujra (RA) rangwamen aske kansa yana cikin harami, ya yi fidiya.

Sai dai kawar da cuta ma tana da ladabi. Na sha ganin yaro ya ɗauko fiya-fiya ko Sniper ya feshe ɗakin tantabara tsuntsayen na ciki, garin neman gira a rasa ido. Wannan guba ce mai kisan mutum, har hukumar NAFDAC ta hana sayar da Sniper a kasuwanni barkatai a shekarar 2019, ga shi ɗakunan nan sau da yawa suna dab da inda iyayenmu mata ke girki. Wasu kuma wuta suke cinna wa tsohuwar sheƙa, alhali Ibn Abi Zaid ya ambata a Risala, wadda muke karantawa a zaure, cewa makaruhi ne kashe ƙwarƙwata da ƙuma da wuta.

Abin da nake gaya wa ɗalibaina shi ne: ku fitar da tsuntsayen, ku kwashe tsohuwar sheƙa da kwalaye a ƙulle a leda a kai nesa, ku wanke ɗakin da ruwan sabulu har cikin tsagogi, ku bar rana ta busar da shi, ku liƙe tsagogin, ku barbaɗa toka mai sanyi a ƙasa. Bayan mako 1 a maimaita, saboda ƙwayayen da suka ƙyanƙyashe. Idan abin ya faskara a nemi likitan dabbobi ya faɗi magani da ma'auninsa. Wanda kuma ya san karatu ko sana'a ba za su bar shi ya yi wannan ba, to ya rage kiwon, ko ya ba wanda zai iya.

Allah Ya ba mu ikon sauke amanar da muka ɗaukar wa kanmu, Ya ji ƙanmu kamar yadda Ya umurce mu da jin ƙan na ƙasa da mu. Wallahu a'alam.

Wassalamu alaikum.