Gidan gilashi a bakin kogin Isa

Wata rana da la'asar, a Yamai, wani tsohon abokin karatuna ya kai ni in ga gidan da ya gina a bakin kogin Isa. Bangon da ke fuskantar ruwa gilashi ne tun daga ƙasa har rufi, ginshiƙansa kuwa na katako. Ina zaune ina kallon masunta cikin kwalekwale, rana tana faɗawa bayan tsaunuka, sai na ji kamar kogin ya shigo ya zauna tare da mu. Gaskiya, raina ya biya.

Da na koma gida, sai na tuna da gidan Farnsworth na Amurka, wanda Mies van der Rohe ya kammala a 1951 a gefen kogin Fox. Ya ɗaga shi kimanin mita 1,6 daga ƙasa, amma ruwa ya shige shi a 1954, da 1996, da 2008. Mu ma mun ga abin da ambaliya ta yi wa unguwannin Lamorde da Saga a daminar 2020. Ga kuma zafin bazara, wanda gilashin da ya fuskanci yamma ke tarawa cikin ɗaki.

Kakana ya yi rufi da azarar giginya, wadda gara ba ta ci, ya bar ƙananan tagogi, ya kuma gina bisa tudu. Ni ma ina marmarin tagar abokina, amma kafin in haƙa harsashi zan tambayi dattawan unguwa inda ruwa ya taɓa kaiwa.