Inda ake cin kifi a bakin ruwa: Madarunfa, Tabalak da Yamai

Bayan rabon asusu, ƙungiyoyi da yawa kan tambaye mu ina za su je su ɗan huta kwana guda ba tare da kuɗi sun tafi a banza ba. Amsarmu ita ce bakin ruwa. Ƙasarmu ba ta da teku, amma Allah ya ba mu kogi da tabkuna, kuma kusan duk inda masunta ke fitowa da kamu, akwai mace zaune da kasko tana suya. Ga wurare uku da munka taka da ƙafarmu.

Mu fara da Madarunfa, kudu da Maraɗi, tafiyar da ba ta kai awa guda ba a mota. Tabkin sananne ne saboda kaburburan waliyyai 99 da ake cewa suna kewaye da shi, shi ya sa masu ziyara ba su yankewa. Kada ku je neman tebur da kujeru. Inuwa ce, da tabarma ko benci, da butar wanke hannu. Ku iso da hantsi, lokacin da masunta ke dawowa. Karfasa da tarwaɗa sun fi yawa. Ki nuna wanda kike so, a gyara shi a gabanki, a soya, a barbaɗa yaji, a yanka albasa. Mai son ƙoshi ta haɗa da dambun zogale.

Na biyu Tabalak, a kan hanyar Tawa zuwa Agadas. Can mun koyi darasin kasuwanci. Motocin matafiya na tsayawa ɗan lokaci kaɗan, don haka matan ba su jira sai mota ta zo kafin su ɗora kasko. Kifi ya riga ya soyu, an jera shi a tire gwargwadon girma, canji yana ɗaure a bakin zane. Cikin ƙiftawar ido an gama ciniki. Wadda ta tsaya neman canji, mota ta tashi da kuɗinta.

Na uku Yamai, bakin kogin Isa. Daga gadar Kennedy, wadda anka buɗe a 1970, idan an bi bakin ruwa wajen Gamkalle ko wajen Yantala, akwai rumfuna da ƙananan gidajen abinci da ke kallon kogi. A nan ake samun giwan ruwa, mai tsoka fari da ƙarancin ƙaya, a gasa shi bisa garwashi ko a tsire shi kamar nama. Ya fi karfasa tsada nesa, don haka mukan haɗa kuɗi mu sayi babba guda mu raba. Lokacin ɗari kogin ya cika, ga iska mai daɗi da la'asar. Da bazara ruwa kan ja baya har yashi ya fito.

To, kafin ki sa hannu a kwano, ki duba kifin tun yana ɗanye. Idonsa ya zama garau, ba wanda ya dushe ya faɗa ciki ba. Ki ɗaga marfin kunnensa, cikin ya zama ja. Ki danna jikinsa da yatsa, tsokar ta dawo. Ki leƙa man suya kuma: in ya yi baƙi yana kumfa, ki wuce gaba. Araha ba ta ado, kuma kuɗin likita ya fi kuɗin kifi. A yi ciniki kafin kifi ya shiga mai, don bayan ya soyu ba a mayar da shi. Masu goyo su cire wa yara ƙaya da hannunsu, kuma kada a bar su su shiga ruwan tabki, saboda tsargiya.

Abin da ya fi tsaya mana a rai shi ne hirar da munka yi da masu suya. Da yawansu bashi suke karɓar kifi daga masunta da safe, su biya da yamma. Ranar da kasuwa ba ta ci ba, kifi ba ya jiran gobe. Mai dabara takan yi bandar ragowar tun kafin ya juya, ta sayar daga baya. Wadda ba ta da wurin banda ko kuɗin icce, asara ta hau kanta, gobe kuma ga mai bashi a ƙofa. Irin wannan gurbin ne rancen asusu ke cikewa: jari kaɗan na sayen kifi hannu da hannu, da mai, da icce.

Don haka in kun je, ku ci, ku biya ba tare da matse ƴar uwa ba, sa'an nan ku tambaye ta ko tana cikin ƙungiya. In ba ta ciki, ku gaya mata yadda zubi ke tafiya. A taron mako mai zuwa, kowace ƙungiya ta duba ko za ta ware wani abu don kuɗin mota. Allah ya sa albarka a neman kowa.