Kyautar da Ba Ta Shiga Littafin Biki

Duk wadda ta tashi a ƙasar Hausa ta san biki bashi ne. Ki kai wa mace dubu biyu ranar suna, a rubuta a littafi, ran da naki ya zo ta kawo dubu huɗu ko ta sha gori. Zumunci ne, ban musa ba, amma wallahi akwai matan da ke kwana da zullumin alherin da aka yi musu.

Akwai wata abokiyar aikina da muke koyarwa tare a Tudun Wada, mace mai kawaici, maigidanta kuma ƙaramin ma'aikaci. Da cikinta na fari ya tsufa, wata rana muna duba jarrabawa ta ce da ni, "Malama, ni ba haihuwar nake tsoro ba, ramuwar biki nake tsoro." Maganar ta tsaya mini a rai. Ina son in yi mata abin kirki, ba na kuma son in ɗora mata kaya. Ga shi za ta tafi wankan gida Doguwa, haihuwar kuma za ta faɗo cikin Disamba. Ni 'yar Bebeji ce, na san iskar da ke tasowa daga Dam ɗin Tiga, amma sanyin wajen duwatsun Riruwai sha'aninsa daban. Sai na ce to, bargo zan ɗinka wa jaririn da hannuna.

Ban je Kantin Kwari ba, ban yanki sabon turmi ba. Lokacin aurenta mu malamai mata mun yi anko, sai na bi su ɗaya bayan ɗaya ina roƙon ragowar ƙyallen. Wani tela a Kwanar Dangora, can ƙasar Kiru, ya cika mini leda da nasa. Na ware na auduga zalla, na ajiye leshi da duk mai duwatsu, don fatar jariri ba ta son kaushi. Na wanke su daban-daban saboda masu zuba, na shanya, na goge.

Ga yadda aikin yake, ko wata za ta gwada. Na yanka kwali mai kusurwa huɗu, inci 6 kowane gefe, da shi na fitar da ƙyalle 63. Rabin inci ta kowane gefe na ɗinki ne. Na jera bakwai-bakwai har layi tara, mai duhu kusa da mai haske, na haɗa su a keken Butterfly na innata. Ya tashi inci 35 a faɗi, 45 a tsawo. A tsakiya na sa zanen auduga mai laushi ninki biyu, na yi masa shafi da farin yadi, sannan na bi layukan da zare da allura don kada cikin ya tattare wajen wanki. Na kalmashe bakin, ban sa maɓalli ko ɗaya ba, gudun kada yaro ya cire ya kai baki. Sati biyar na yi, kullum bayan sallar isha'i.

Ranar suna muka ratsa Dajin Falgore muka isa gida cike da mata. Ana ta baje atamfofi da sabulai, mai littafi tana rubutu. Da aka buɗe nawa sai wata ta taɓe baki ta ce, "Wannan fa, tsummokara? Nawa za a rubuta?" Gabana ya faɗi, na sunkuyar da kai. Gwaggon mai jego, wata dattijuwa, ta karɓa ta juya shi tana bin ɗinkin da yatsa, ta ce, "Ke yarinya, rufe littafin nan. Mu da gwado da luru aka raine mu, mun san aikin hannu. Wannan ba a rubuta shi." Ita kuwa mai jego shiru ta yi, ta ɗora yatsa kan wani koren ƙyalle ta ce, "Malama, ankon aurena ne." Sai hawaye.

Na tuna mata abin da ma'aikatan asibiti ke faɗa: a kwantar da jariri rigingine, kada a bar bargo kusa da fuskarsa in yana barci. Ta fi yin shimfiɗa da shi, ko ta yafa a kan goyo da sanyin safiya.

Ƙannena, ba cewa nake ku bar biki ba. Cewa nake kafin ki ba mutum abu, ki duba ko zai iya ɗauka. Mai kuɗi ta ba da kuɗinta, ke da ba ki da shi kina da hannu da lokaci. In ana koyar da ɗinki a makarantarku kada ki raina, in kuma akwai keke a gida ki zauna kusa da mai shi. Ƙyallen da tela zai share ya zubar, ki roƙa ki adana. Allah ya raya mana zuri'a, ya bar zumunci, amin.