"To, Mu Ga Abin da Ka Yi"

Mu ’yan sashen zane muna da wata matsala da ɗan Akanta ba shi da ita. Shi idan ya je neman aiki, takardar shaidarsa ce ke fara magana. Mu kuwa, mai maɗaba’a ko mai kamfanin talla bai cika damuwa da makinka ba. Kafin ka gama gaisuwa zai ce, "To, mu ga abin da ka yi." Abin da za ka buɗe masa a wannan lokacin shi ne kundin ayyukanka, wanda malamai ke kira fotfoliyo.

Na fara haɗa nawa ne a shekarar IT bayan na gama ND, a wata maɗaba’a cikin gari. A can na ga yadda masu neman aiki ke zuwa da filashi cike da zane, hamsin ko sittin, yawanci na murnar ranar haihuwa da fastocin takarar SUG. Oga zai duba uku ya rufe. Ba wai ba su da kyau ba ne, kawai dai duk fuskarsu ɗaya, samfurin Canva ne da kowa ke sauya wa suna da hoto.

Nawa ayyuka takwas ne kacal, kuma wanda aka fi tsayawa a kansa ba shi ne mafi ƙyalli ba. Tambarin robar zoɓo ne na wata baiwar Allah da ke sayarwa a bakin hostel ɗin mata. Da can takarda take liƙawa, da zarar robar ta kwana cikin ƙanƙara sai tawadar ta zube, lambar wayarta ta ɓace. Na yi mata sitika mai jure ruwa, launi biyu kawai don kuɗin bugu ya sauka, na ƙara girman lambar yadda za a karanta daga nesa. A kundin na sa zanen fensir na farko, da na kwamfuta, da hoton robar a cikin kula tana raɓa. A ƙasa layi uku: wace ce, mece ce matsalarta, me na yi. Mai ɗaukar aiki idan ya ga wannan ya san ka taɓa zama da kwastoma, ka ji "ya yi tsada", kuma ka samo mafita.

Abu na biyu da masu ɗab’i ke dubawa shi ne ko aikinka zai shiga inji ba tare da an sake shi ba. Launin da ke haskawa a fuskar kwamfuta RGB ne, inji kuwa CMYK ya sani, shi ya sa koren da ya burge ka a laptop yake fitowa kamar miyar kuka. Hoto ya kai 300 dpi, a bar rarar milimita 3 a gefe saboda yanka, a mayar da rubutu zane kafin a tura fayil ɗin CorelDRAW. Duk aikin da aka buga, hoton bugaggen nake sawa.

Akwai kuma shafin da nake alfahari da shi: na haruffa masu lanƙwasa. Salon rubutu da yawa ba su da ƙ da ɗ da ɓ, sai ka ga akwati ya fito a wurinsu, ko mai zane ya share lanƙwasar ya huta. Haka ake samun allon biki an rubuta "Maraba da baki", kamar ba baƙi aka gayyata ba. Noto Sans da Charis SIL suna da su, idan kuma kwastoma ya nace sai wani salon, da hannu nake zana lanƙwasar. Kamfanin da ke Legas yana son tallarsa ta yi magana a Kano yana buƙatar mai wannan idon, kuma mu ne muka tashi da harshen.

Sauran ƙananan abubuwa ne. Aikin rukuni, ka faɗi ɓangaren da ka yi. Kada ka kwaso na wani daga Pinterest, don wallahi za a zaunar da kai gaban kwamfuta a ce ka maimaita. Katin ɗaurin aure kuwa, nemi izini, ka rufe lambobin mutane. Ina da PDF mara nauyi da nake turawa ta WhatsApp a matsayin fayil don kada hotunan su dushe, da shafi a Behance wanda kyauta ne, da kwafi bugagge a A4 saboda ranar da sabis zai ƙi.

Wannan zangon ina aikin allon wani mai gyaran waya a kasuwar makaranta. Har yanzu muna ja-in-ja, shi yana son hoton waya shida a kai, ni ina cewa ɗaya ta isa. Idan aka kafa shi zan ɗauki hoto da yamma, in cire mafi rauni cikin takwas ɗin in sa shi.